Kafin ka sayi jirgi maras matuƙi, ka iya karanta taswira?

Jama'a, yanzu kowa a Birnin Kebbi so yake ya zama ɗan GIS, wato mai haɗa taswira da nazarinta a kwamfuta. A yi kwas na mako biyu, a karɓi satifiket, a ɗauki hoto da laftof. Ban ƙi ba, neman ilimi ne. Amma ka miƙa wa da yawansu taswirar takarda mai ma'aunin 1:50,000 ka ce su faɗi nisan Argungu daga wani ƙauye, sai ka ga ana sosa ƙeya. Alhali lissafin bai taka kara ya karya ba: santimita ɗaya a takarda, mita 500 ne a ƙasa.

Ra'ayina shi ne mun fara gini daga rufi. Manhaja ba ta gyara wa mutum abin da bai gane ba, sai dai ta yi wa kuskurensa kala mai kyau.

Ku ɗauki maganar lambobin wuri. Birnin Kebbi tana kusan digiri 12 da rabi arewa da ikwaita, digiri 4 da ɗoriya gabas da layin Girinwic. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka kuskuren lamba ɗaya bayan ɗigo ya isa ya mayar da gonarka wani gari. Ga kuma wanda ya fi ɓata lissafi: tsofaffin takardun safiyo a Najeriya an auna su ne da tsarin lambobin wuri na Minna, wayarka kuwa tana aiki da wani tsarin daban mai suna WGS84. Ka haɗa su ba tare da ka juya ɗaya zuwa ɗaya ba, fili ya gusa da gomman mitoci. A fadama, inda ake rigima kan kunya biyu, wannan ya isa ya kai 'yan uwa gaban alƙali. Ita ma wayar, a rana mai kyau, tana iya kaucewa da mita kaɗan. Ta yi wa mai neman gidan biki amfani, amma ba ita ake kafa dutsen iyaka da ita ba.

Mu da muke zaune tsakanin kogin Neja da gulbin Rima, abin da ya fi shafarmu shi ne layukan da ke nuna tudu da kwari. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafa a Argungu, Bagudo, Suru da sauransu. Ruwa kuwa gangare yake bi, kuma taswira tana nuna gangaren tun kafin damina. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, suna sabuntawa kusan duk kwana 5, ƙaramin ɗigo ɗaya a hoton mita 10 ne a ƙasa. Na Landsat sun faro tun 1972. Wanda ya iya karanta su zai ga inda gulbi ya saba kwanciya shekara da shekaru, ko da yau an yanka wurin filaye ana sayarwa.

Kuma don Allah a daina raina tsofaffin manoma da masunta. Sarkin ruwa ya san inda ruwa ke fara fasowa, aikin mai taswira ya bi shi ya ɗauki lambobin wurin.

Ga mai son farawa, manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, ba sai ka nemi ta sata ba. Amma kafin ka buɗe ta, zana unguwarku da fensir, ka sa kibiyar arewa da ma'auni, sannan ka duba OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a ke haɗawa, ka ga ko layinku ma yana ciki. Ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin Dandi da Ngaski hanyoyinsu ba su cika a can ba, kuma kowa yana da damar ƙarawa.