Shafa tsumma ba shi ne duba injin wayar ofis ba

Abin da wasu 'yan kwangilar kula da intakom ke yi wa ofisoshi ya isa haka. Ana biyansu duk wata uku su duba injin PABX, wato akwatin da ke haɗa wayoyin cikin ofis da juna da kuma layukan waje, sai yaro ya zo da tsumma ya goge murfi, ya ɗaga waya ɗaya ya ji tana ƙara, a sa masa hannu ya kama gabansa. Ko mita bai riƙo ba!

A fara da batir, don nan aka fi cutar mutane. Ƙaramin batiri mai bolt 12 na UPS, na'urar da ke riƙe injin idan an ɗauke wuta, yana kai shekara 3 zuwa 5 ne idan ɗaki bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin kwanansa. To ina ga ɗakin ajiya mara taga a Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura 40? Aunawa da mita kaɗai ba ta isa: mataccen batir zai iya nuna bolt 13 muddin yana kan caji. Cire filogi ake yi daga bango, a bar injin a kan batir, a duba agogo. Idan bai riƙe ba har a tada janareta, a canza shi, wanda ya kumbura kuwa ba a ma tsaya gwada shi. 'Yan kwangilar nan ba sa yin haka. Shi ya sa da an ɗauke wuta layuka suke mutuwa, agogon injin ya rikice.

Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, ta kwanta a kan allunan ciki. A kashe injin, a hure da bulowa da busasshen buroshi, ba jiƙaƙƙen tsumma ba.

Wayar ƙasa fa, wadda ke haɗa injin da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa don kariya? Da rani ƙasa tana bushewa, sandar da aka kafa ta rage aiki. Kafin ruwan farko ya kamata a auna ta, ana son kada ta wuce om 5 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), a ɗaure kusoshinta, a canza kariyar tsawa da ta ƙone a kan layukan da suka ratsa waje zuwa ɗakin maigadi ko wani gini. Ta nan aradu ke shigowa ta soya katin layi, wato allon cikin injin da layukan waya ke shiga, sannan a kawo takardar kuɗin sabon kati. Ihu bayan hari, kuma da kuɗin mai ofis.

Su ma manajoji ba su fita ba. An mai da akwatin injin wurin jibge tsofaffin fayiloli, ɓeraye na gwaguyar kebul a silin, ba wanda ya ajiye saitin injin a filashi, lambar sirri kuma tana kan mutum ɗaya da ya bar aiki tun bara. Kafin a sa hannu a takardar ɗan kwangila, a nemi a gani a rubuce: minti nawa batir ya riƙe, om nawa sandar ƙasa ta nuna, layi nawa aka kira ɗaya bayan ɗaya.