Rigar magani da gemun Malam

A hutun hunturun da ya wuce na koma ƙauyenmu da ke gabashin Gumel, bayan na shiga aji huɗu a sashen harhaɗa magunguna, ina jin cewa duk faɗin masarautar babu wanda ya kai ni sanin sirrin ƙwaya. Kwana biyu da saukata na tarar da kakata, Inna, ta ɓare kafson omeprazole da aka rubuta wa Malam saboda gyambon ciki, ta zazzage 'yan fararen ƙwayoyin da ke cikinsa a murfin kwano tana murƙushe su da bayan cokali, wai don su fi saurin narkewa a koko.

Na gyara zama na yi mata bayani cewa tsamin ciki yana lalata wannan magani, shi ya sa aka sanya wa kowace ƙwaya riga wadda ba ta narkewa sai ta wuce ciki ta isa ƙaramin hanji, inda tsami ya ragu. Na ƙara da cewa a ɗakin gwaji muna yin waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta, ana auna su da maikiron, wato ɗaya bisa dubu na milimita, har wasunsu ba su kai kaurin silin gashi ba. Inna ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ce, "Wato dai, maigida, shekara huɗu aka yi ana sayar da riɗi don ka koyo mulmula fura a gari?"

Wannan magana ce ta sa na sha alwashin yi wa ɗigon mai irin wannan riga a gabanta. Akwai tsohuwar dabara da wani kamfanin Amurka ya yi amfani da ita tun shekarun 1950 wajen yin takardar rasit marar kabon: ana haɗa jelatin da ƙaro a ruwa mai ɗumi, a fasa mai a ciki ya zama ɗigo-ɗigo, sannan a ƙara tsami har ya kai wajen lamba 4 a ma'aunin tsami da ake kira pH. A nan ne jelatin da ƙaro suke jan juna, su kwanta a bayan kowane ɗigo, in aka sanyaya kuma rigar ta daskare. Ƙaro dai ba abin nema ba ne a ƙasar dakwara, na ɗebi na Malam wanda yake haɗa tawada da shi ba tare da na nemi izini ba. Jelatin kuwa daga fata da ƙashi ake samunsa, saboda haka na sayo ƙafar saniya ranar kasuwar Maigatari na dafa ta wuni guda, yaran gida suka cinye naman suka bar mini romon. Lemon tsami ya tsaya a madadin asid, manja a madadin magani.

Inda aikin ya fara fin ƙarfina shi ne wajen juyi, domin girman ƙwayar ya dogara ne da saurin juyawa, kuma a makaranta inji ne yake wannan wahalar. Ni kuwa maburgin miyar Inna na riƙa murzawa tsakanin tafukana, kafin minti goma kafaɗuna sun sage, ɗigon da ya kamata a nema da madubin likita yana yawo a sama kamar wake a tukunya. Inna ta leƙa ta ce ko miyar kuka ba a yi mata irin wannan burgi na ragwaye.

Saura sanyayawa, wadda ake so ta kai wajen digiri 10, ga shi babu firji. Da dare na ɗora kwanon a kan ruwan randar tsakar gida, na rufe, na kwanta ina tsara jawabin da zan yi wa Inna da safe. Ban yi lissafi da ƙanena ba, wanda yake cika wa Malam buta kafin asuba, a cikin duhu, da magagin barci a idonsa. Ya danna moɗa, kwano ya kife.

Abin da ya tashe ni salatin Malam ne. Na fito na same shi tsaye da fitila, fuskarsa tana ƙyallin manja, iskar hunturu kuma ta busar da ƙaro da romon a gemunsa har ya ƙame ya miƙe kamar tsintsiyar kwakwa. Sai da aka ɗora ruwan zafi aka wanke shi da sabulu sau uku kafin ya sake alwala, jam'i kuwa ya wuce shi. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, gwaji ne na ilimi." Ya tambaye ni inda ƙaronsa yake, na nuna masa gemunsa.

Ni na wanke randar, na kuma yi sahu shida zuwa rijiya kafin hantsi. Inna ta daina murƙushe kafson, amma ba don bayanina ba, sai don ta ce idan rigar da na ɗinka da maburgi ta iya riƙe gemun Malam haka, to tana tsoron yaga wadda inji ya ɗinka.