Kayanmu duk sun san hanyar teku, mu ne ba mu san ta ba

Duk wanda ya tashi a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san ruwa. A bakin Binuwai muka koyi iyo, a nan muka fara ganin dorina ta fito da hanci da sassafe, a nan masunta ke shanya taru rana tana dukansa. Wanda ya samu dama ya je Lagdo ya ga yadda madatsar da aka gama a 1982 ta tara ruwa iya ganin ido. Amma ka shiga Babbar Kasuwa ka nemi wanda ya taɓa tsayawa da ƙafarsa a bakin teku, za ka sha yawo kafin ka dace da shi.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Audugar da ake nomawa daga Gidar har Tuboro tana gangarawa Duwala ta hau jirgin ruwa. Shanun Adamawa suna shiga tarago a Ngaundere su nufi kudu. Albasar Marwa ba ta kwana a gida. Ɗanyen man Doba da ke kudancin Cadi yana bi ta ƙarƙashin ƙasarmu cikin bututu mai tsawon kilomita 1,070, tun 2003, har ya ɓulla a Kiribi. Shi kansa kogin Binuwai yana ratsa Najeriya, ya haɗu da Kwara a Lokoja, su tafi tare su zube a tekun Atilantika. Hatta sunan ƙasar nan daga bakin teku ya taso: Turawan Fotugal da suka iso mashigar kogin Wuri a ƙarni na 15 sun tarar da jatan lande maƙil, suka raɗa wa kogin sunan jatan lande a yarensu, daga nan kalmar Kamaru ta samo asali. Komai namu ya san teku. Mu kuwa in mun sauka kudu, to takarda ce ta kai mu, ko asibiti, ko jarrabawar ɗaukar aiki, ko sarin kaya. Mu sauka a unguwar Birikiteri ta Yawunde wajen ɗan'uwa, mu gama abin da ya kawo mu, mu juyo kamar ana korar mu.

Ra'ayina shi ne, magidancin da Allah ya hore wa, ko da sau ɗaya ne a rayuwa, ya kwashi iyalinsa ya kai su su ga teku. Kuma in ya tashi zuwa, kada ya tsaya a otal-otal ɗin cikin Kiribi inda kiɗa ke tashi har asuba. Ya wuce gaba, kimanin kilomita 50 kudu, zuwa wani ƙauyen masunta da ake kira Eboje, a kan hanyar Kampo.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Daga Garwa mota za ta ɗauke ka ta hau da kai tsaunin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kafin Ngaundere. Jirgin ƙasa yana tashi da yamma, ya kwana yana keta daji fiye da kilomita 600, gari ya waye maka a Yawunde. Daga nan mota ta Edeya zuwa Kiribi. Da ka bar Kiribi kaɗan za ka tarar da gangaren ruwan Lobe, inda kogi ke rikitowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake samun irinsa a duniya ba. Tsaya ka gani, ka ci jatan landen da mata ke soyawa a wurin, ka ci gaba. Lokacin da na je, ƙarshen hanyar jar ƙasa ce mai ramuka, daji ya rufe ta hagu da dama, har sai da muka ji wata ƙara mai kama da tsawa daga nesa, alhali sama tas take. Teku ne.

Na isa da ɗan ƙanena mai shekara 11, wanda mahaifinsa ya damƙa mini. Yaron da bakinsa ba ya hutawa tun daga Garwa, da muka fito daga cikin bishiyoyin kwakwa muka tsaya a kan yashi, sai ya yi tsit. Can ya kama hannun rigata ya ce, "Baffa, ina ɗaya gaɓar?" Duk ruwan da ya sani a duniya yana da tsallake, ana hango mutane da shanu a can ƙetare. Na ce masa tana nan, amma ko kwale-kwale ya yi wata yana tafiya ba lallai ya kai ba. Ya durƙusa ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya sake ɗiba. Na shekara ina karanta masa ayar da ke cikin Suratul Ankabut, wadda ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fari halitta. A ranar ban buƙaci yi masa wani bayani ba. Gani ya kori ji.

Mutanen Eboje ƙabilar Iyasa ne, masunta tun kaka da kakanni. Ƙauyen ba shi da girma: gidajen katako da na ƙasa a jere, kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itace guda an jawo su kan tudu, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga bayan gida. Baƙo yana kwana a ɗakunan da mutanen gari suka tanada, ya ci abin da suka ci, wato gasasshen kifi da agade, ko rogon nan da ake jiƙawa a niƙa a naɗe cikin ganye a dafa. Matar da ta sauke mu tana kirana "Magida", kamar yadda mutanen kudu ke kiran kowane ɗan arewa, kalmar da suka ara daga maigidanmu na Hausa. Ni kuma ina ce mata Mama. Da ta ga na shimfiɗa darduma ina neman gabas, sai ta kori yara daga barandar, ta kawo mini ruwan rijiya a bokiti ba tare da na roƙa ba. Daga ranar kullum bokitin yana nan cike kafin asuba.

Abin da ya fitar da sunan ƙauyen shi ne kunkurun teku. Mu a arewa mun san kififfiyar kogi, wadda yaro zai iya ɗauka da hannu biyu. Na teku wani abu ne daban. Iri huɗu ake samu a wannan gaɓa, babbansu kuwa, mai baya kamar fata maimakon ƙoƙo, nauyinsa yana kai ɗaruruwan kilo. Daga wajen watan Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin da hunturu ke busa mana leɓe a Garwa, matan suna fitowa cikin dare su yi ƙwai a yashi.

Dare na uku aka buga mana ƙofa. Muka bi wani saurayi daga cikin masu gadin gaɓar, ba fitila, ba magana. Muka tarar da ita ta riga ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, tana ɗebo yashi a hankali kamar mace tana kwasar tuwo, ta ajiye gefe, ta sake ɗebowa. Sannan ƙwayayen suka fara sauka, farare, zagayayyu, biyu-biyu uku-uku. Numfashinta kaɗai ake ji tsakanin bugun igiyar ruwa, mai nauyi, irin na wanda ya sha aiki. Da ta gama ta mayar da yashi, ta daddanna shi da jikinta, ta ja ciki ta koma ruwa. Ba za ta sake waiwayar ramin ba. Ƙwai wajen ɗari, zafin yashi ne zai kwanta musu kusan wata biyu, kuma zafin nan ne zai yanke ko maza za su fito ko mata: in ya yi yawa, mata sun fi yawa. Ranar da suka ƙyanƙyashe, hasken sararin da ke kan ruwa suke bi su gane hanya. Kaɗan ne ƙwarai ke tsira daga kaguwa da tsuntsaye da manyan kifaye. Wadda ta rayu ta girma, bayan shekaru masu yawa, yankin da aka haife ta take komowa ta yi nata ƙwan.

A nan ne maganar ta wuce ta shaƙatawa. Dabbar da ke gane hanya da hasken sama, in aka kafa mata fitilun lantarki a bayan gaɓa, tudu za ta nufa ta mutu. Kuma fitilun suna matsowa. Tsakanin Kiribi da Eboje ne aka gina tashar jiragen ruwa mai zurfi, wadda ta fara aiki a 2018, aka kuma ja mata babbar hanya. Ba na cikin masu cewa bai kamata a gina ta ba. Mu 'yan arewa, da 'yan'uwanmu na Cadi da ba su da gaɓar teku ko taku ɗaya, mun fi kowa sanin abin da tsadar sufuri ke yi wa farashin siminti da takin zamani da shinkafa. Sai dai inda tasha ta sauka, ma'aikatu da gidajen haya da dillalan fili suna biye da ita. Gwamnati ta san da haka. A 2000 aka kafa gandun dajin Kampo-Ma'an, tare da na Mbam da Jerem, a matsayin diyyar ɓarnar da bututun man Cadi zai yi wa daji. A 2021 kuma aka ayyana ruwan da ke wannan gaɓa a matsayin gandun teku na farko a ƙasar. Takardu sun yi kyau. Amma takarda ba ta sintiri da dare. Wanda ke sintiri shi ne saurayin nan da ya buga mana ƙofa, kuma yana yi ne saboda kunkuru mai rai yana kawo wa ƙauyensu baƙi. A da, naman kunkuru da ƙwansa abinci ne a nan. Abin da ya sauya lissafin shi ne, masunci ya ga in kunkuru ya faɗa tarunsa ya sake shi, akwai baƙon da zai biya masa asarar tarun. Ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, tsohon lissafi zai dawo, kuma ba wanda zai ga laifin mai yunwa.

Mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Iyayenmu sun ba mu labarin Tafkin Cadi lokacin da yake tafki na gaske, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi. Mun ga abin da ya samu gandun dajin Waza da garuruwan da ke kewaye da shi bayan rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido: masu rakiya, direbobi, masu dafa abinci, masu sayar da kayan fata, duk suka koma zaman jiran tsammani. Wurin da ya dogara da Bature kaɗai, rana ɗaya ofishin jakadanci zai fitar da gargaɗi ya mutu murus. Ɗan ƙasa ne kawai baƙon da ba ya gudu.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan aikin masu kuɗi ne, mutum yana fama da kuɗin makaranta da buhun masara. Gaskiya ne, kuma ba da wanda ke neman na cefane nake ba. Ina magana da wanda ke sauya waya duk shekara, da wanda ke kashe abin da ya fi kuɗin wannan tafiya a ɗinkin biki guda. Za a ce yawon banza ne, ba ciniki ba zumunci. To ai tafiya mabuɗin ilimi ce, mu muka faɗa, kuma kakanninmu fatake da suka kai goro da kanwa har inda ƙafa ta gaza ba su san wannan tsoron nisa ba. Za a ce abinci da salla fa? Kifi halal ne, ƙasar Allah kuma duk masallaci ce. Wanda yake son jam'i ya yi Juma'arsa a Kiribi kafin ya wuce.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da baki ba. Muna ce musu Gadamayo, mutanen ƙetaren kogi, su kuma suna da sunayen da suke kiranmu, kowa na kallon ɗan'uwansa ta tagar mota. Yawancin abin da ɗan kudu ya sani game da mu, a wurin mai shago da mai tsire ya gan shi. Yawancin abin da muka sani game da shi, a wurin jandarma da ma'aikacin ofis muka gan shi. Kwana huɗu a gidan masunci, kana cin abin da matarsa ta dafa, 'ya'yanka suna wasa da nasa a yashi, suna gyara abin da bikin haɗin kan ƙasa na ranar 20 ga Mayu bai taɓa gyarawa ba.

Wanda ya yi niyya, Disamba zuwa Fabrairu ya fi, ruwan sama ya yi sauƙi, hanya ta bushe, kunkuru kuma suna kan fitowa. Ya tafi da tsabar kuɗi da gidan sauro. Kada ya ɗauki teku kamar Binuwai: akwai jan ruwa a ƙasa wanda ke kwashe gwanin iyo, don haka ba a shiga sai inda masunta suka nuna, yara kuma ba a sake hannunsu. Kada ya sayi ƙwan kunkuru ko ƙoƙon bayansa ko da an kai masa har ɗaki. Ledar da ya zo da ita ya koma da ita, domin babban kunkurun nan yana haɗiye leda a zaton abincinsa ne. In kuma aka tashe shi cikin dare, ya bar waya a aljihu. A daren da nake ba ku labari, wani baƙo da ya zo daga birni ya ɗaga tasa zai haska don ɗaukar hoto. Kafin mai gadin ya yi magana, ɗan ƙanena ya riga ya kai hannu ya rufe fitilar da tafinsa, ya ce masa a hankali cikin Faransancinsa na aji biyar, "Ka bari ta gama."