Kafin a sauke giyabos, a binciki dalilin karkarwar sandar giya

Akwai wata magana da na sha ji a bakin masu tsofaffin motocin gudu da kuma wasu makanikai, kuma tana damuna ƙwarai, wato cewa da zarar sandar giya ta fara karkarwa a tafin hannun direba, to giyabos ya gama aiki, sai dai a sauke shi a nemo na Beljiyam. Ban yarda da wannan hukunci ba. A mafi yawan lokuta sandar giya 'yar aike ce, tana kawo wa hannunka labarin abin da ke faruwa a wani wuri can ƙarƙashin mota, kuma wanda ya kama ɗan aike ya daka bai warware matsalar da aka aiko shi a kanta ba.

Zan kafa misali da Mazda MX-5 ta farko, wadda Amurkawa ke kira Miata, a Japan kuma aka sayar da ita da sunan Eunos Roadster. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, an ci gaba da ƙera wannan samfuri a Hiroshima har zuwa 1997, ke nan ko autarsu ta haura shekara 25 a duniya. Ba mota ce da ake yawan gani a titunanmu ba, amma na zaɓe ta ne saboda ƙirarta a fili take, kuma wanda ya fahimci yadda karkarwa ke tafiya a jikinta zai gane ta kowace mota mai inji a gaba da ke tura tayoyin baya.

A mota irin Corolla, wayoyi ne ke haɗa sandar giya da giyabos, kuma suna shanye mafi yawan jijjigar kafin ta iso hannu. A MX-5 babu wannan tsani, domin sandar ta nutse kai tsaye cikin wutsiyar giyabos, shi kuma giyabos a ɗaure yake da inji mai silinda huɗu, wanda ko yana sabo fil ba ya rasa 'yar rawa. Saboda haka ɗan motsin da ake ji lokacin da mota ke tsaye inji yana silo halittarta ce, ba ciwo ba. Abin da ya cancanci bincike shi ne karkarwar da ba a saba da ita ba, ko wadda take ƙaruwa mako bayan mako, ko wadda ta zo da ƙara.

Tambaya ta farko, wadda ba ta cin ko sisin kwabo, ita ce: karkarwar tana bin juyin inji ne ko tana bin gudun mota? A tsayar da mota, a sa giya a firi, a riƙa taka totur a hankali. Idan sandar ta fara rawa alhali tayoyi ba su motsa ba, to an wanke farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, da tayoyi da aksil na baya daga zargi, saura inji da abin da ke manne da shi. Daga nan sai a taka kuloci har ƙasa. Taka kuloci yana tsayar da sandar da ke shigar da juyi cikin giyabos, don haka idan karkarwar ta ɗauke nan take, za a iya fara zargin boris ɗin wannan sanda ko farantin kuloci. Idan kuwa ta ci gaba yadda take, giyabos ba shi da hannu a ciki, sai a koma kan fulogi da wayoyinsa, da fulawil (faifan ƙarfen da kuloci ke manne da shi), da kujerun inji (robobin da inji ke zaune a kansu), da salansar da wataƙila ta sauka tana taɓa bodi. Masu samfurin 1990 da farkon 1991 su ƙara da duba fulin gaban inji yayin da yake juyawa, domin injinan lita 1.6 na waɗannan shekaru sun yi suna wajen cinyewar ramin ɗan ƙarfen da ke kulle fulin a wurinsa, kuma idan ya fara lilo ana ganinsa da ido.

Kujerun inji su ne nake so a daɗe a kansu. Wannan mota ba ta da robar da ke ɗaure giyabos da bodi. Maimakon haka Mazda ta shimfiɗa wani dogon ƙarfen alminiyam daga gefen giyabos har zuwa aksil na baya, ta yadda inji da giyabos da aksil suka zama tamkar abu guda, wanda ke zaune a kan kujerun inji biyu a gaba da robobin aksil a baya. Idan ɗaya daga cikin waɗannan robobi ta tsage ko ta zauna, dukan wannan jiki yana samun damar motsi, kuma wurin da direba zai fara ji shi ne sandar da ke hannunsa. Alamar a bayyane take: ka taka totur sandar ta karkata, ka ɗaga ƙafa ta dawo. Ana tabbatarwa ta hanyar buɗe bonet, a ja birkin hannu sosai, a sa giya ta ɗaya, a ɗan saki kuloci kaɗan, wani kuma ya tsaya a gefen mota, ba a gabanta ba, yana kallon yadda inji ke ɗagawa. Roba mai shekara 25 ba ta da sauran ƙarfi ko a ƙasar sanyi, balle wadda ta sha zafin watan Afrilu irin namu, ga bakin mai yana ɗiga a kanta yana narkar da ita.

Na taɓa tsayawa a kan motar wani abokina da aka sauke wa giyabos a wani gareji, aka ɗora wani, ya biya kuɗin kaya da na aiki, ya fito titi karkarwar tana nan daram. Da muka ɗaga motar muka haska fitila, sai ga kujerar inji ta ɓangaren salansa ta rabu biyu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lafiyayyen giyabos na asali da aka raba motar da shi, aka maye gurbinsa da wanda babu wanda ya san tarihinsa.

Akwai kuma wurin da sandar kanta take zama. Idan aka cire murfin da ke tsakanin kujeru, za a tarar da babbar roba mai noti huɗu da ke tare zafi da ƙura, a ƙarƙashinta kuma ƙaramar roba mai noti uku da ke rufe ramin da sandar ta shiga. Wannan rami yana da nasa man giya daban, kimanin mililita 90, sannan a bakin sandar akwai wani ɗan ƙoƙon bushin na leda mai tauri. Idan robobin suka yage, man yana bushewa, ƙura tana shiga, bushin ɗin ya cinye, sai ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Mai motar zai lura da zafi yana tasowa daga gindin sandar, wani lokaci har da warin man giya, da kuma wata 'yar ƙara mai kama da kukan zuma wadda ke ɗaukewa da zarar ya dafa sandar. Gyaran nan bai wuce aikin awa ɗaya ko biyu da sifana mai lamba 10 da sukundireba ba, kuma a ganina duk wanda ya sayi irin wannan mota ya kamata ya yi shi a makon farko, ko da bai ji komai ba.

Idan kuwa karkarwar ba ta zuwa sai mota tana tafe, to a nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, a kai gudun da take bayyana, a mayar da giya firi a bar inji ya sauka. In ta ci gaba, to daga farfela zuwa baya ne, ko kuma tayoyi. Bambance su ba shi da wuya, domin a samfurin 1.6 farfela tana juyawa sau 4.3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya, shi ya sa karkarwarta take da sauri da ƙanƙanta, ana jin ta a sanda da ƙasan kujera, ta taya kuwa girgiza ce mai faɗi da ke kaɗa sitiyari da dukan bodi. Masu wannan mota sun daɗe da sanin irin girgizar da ke zuwa wajen kilomita 105 a awa, wadda galibi daidaita nauyin tayoyi da kyau yake rage ta. Kuros ɗin farfela kuma, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasa, matse shi aka yi tun daga masana'anta, ba a ƙera shi don a riƙa canzawa ba, saboda haka wanda aka buga da guduma a bakin titi yakan bar farfelar a karkace, ciwon ya fi na da. Mai BMW Z3 shi kuma sai ya duba zagayayyar robar da ke haɗa giyabos da farfela da boris ɗin da ke riƙe tsakiyarta, domin tasa farfelar gida biyu ce.

Ina adawa da dabarar ɗaura wa sanda kai mai nauyi don a daina jin rawar. Nauyin yana danne alamar ne kawai, tsagaggiyar kujerar inji kuma tana ci gaba da jan salansa da bututun ruwa har sai wani abu ya karye. Haka nan masu sa kujeru masu tauri irin na filin tsere a motar da ake zuwa aiki da ita su sani cewa da kuɗinsu suka sayo ƙarin karkarwa.

Ba na cewa giyabos ba ya lalacewa. Yana lalacewa, amma yakan zo da nasa shaidu: kuka da ke canzawa daga wannan giya zuwa waccan, giya tana fita da kanta, ko gurnani lokacin shigarwa. Kafin a yanke masa hukunci, a kwance notin zubar da mai da ke ƙasansa a duba maganaɗisun da ke jikinsa. Laushin baƙin gari kaɗan ba abin tsoro ba ne, gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli ne ke nuna boris ko haƙori ya fara ci. Idan maganaɗisun ya fito da tsabta, a zuba sabon man giya 75W-90 mai alamar GL-4, kimanin lita biyu, a mayar da noti, a koma kan robobi.