Jirgin Alhaji Ya Koma Gida

Wani shago a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano. Alhaji Bakano ya shigo yana baza babbar riga, abokin wasansa Bazazzagi na biye da shi. Ɗan Birni mai shago na zaune yana latsa waya.

BAKANO: Salamu alaikum. Samari, jirgi na zo saya.

ƊAN BIRNI: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa Alhaji. Na wasan yara ko mai kyamara?

BAZAZZAGI: Ba shi na yara, shi ne daidai hankalinsa.

BAKANO: Rabu da shi, bawana ne, na taho da shi ne ya riƙe min kaya. Mai ɗaukar hoto daga sama nake so, irin wanda ake saki a gidan biki.

ƊAN BIRNI: Duron ke nan, jirgi maras matuƙi. Aurar da 'ya za a yi?

BAKANO: Rufi na yi. Kwano kore shar, ɗan waje, wanda ko ruwan sama ya sauka a kansa sai ya rage murya. Wata uku ke nan ba wanda ya ce min "Allah ya sanya alheri." Kowa ƙofa yake kallo. Dukiya tana can sama, ba mai ganinta sai shirwa da tantabarun maƙwabta.

BAZAZZAGI: Da ka hau Dala ka hango abinka, ko sisi ba za ka biya ba.

BAKANO: Da wannan gwiwar? To in na hango, wa zan tura wa?

ƊAN BIRNI: (ya buɗe kwali) Ga shi, DJI Mini 2. Kamfanin yana Shenzhen ta ƙasar Sin, tun 2006 aka kafa shi.

BAKANO: (ya ɗora a tafin hannu) Wannan? Ai 'yar shila ta fi shi nauyi. Nawa?

Ɗan Birni ya rubuta a kalkuleta ya juyo masa.

BAKANO: Innalillahi! Kuɗin maraƙi! Mu a Kwari ko yadi biyar ka saya sai ka ji nauyin kuɗinka a kafaɗa.

ƊAN BIRNI: Rashin nauyin ai shi ake saya, Yallaɓai. Giram 249 ne, kuma da gangan. A Amurka mai wasa da shi sai ya yi rajista in ya kai giram 250. Shi ne suka tsaya giram ɗaya kafin layi.

BAKANO: Giram ɗaya! Bazazzagi, ka ji lissafi? A bincika wanda ya ƙera abin nan, kakarsa Bakanuwa ce.

BAZAZZAGI: Da Bakanuwa ce da farfela uku za su sa masa, su sayar da ta huɗun daban.

BAKANO: Awa nawa yake yi a sama?

ƊAN BIRNI: Minti 31 a takarda. In da iska, ka lissafa ashirin da 'yan kai. Kuma kada ka bar batirin a mota cikin rana, kumbura yake kamar fanke.

BAKANO: Minti 31? Ai ko gaisuwar Zage-zagi ba ta ƙarewa a haka.

ƊAN BIRNI: Sannan akwai doka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tashinsa sai da izini, da hannun ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kada ya haura sama fiye da mita 120. Kada ka kusanci filin jirgin Malam Aminu Kano.

BAKANO: Saman gidana ma sai da takarda?

BAZAZZAGI: Ƙasan ma ai aro gwamna ya ba ka na shekara 99, balle sama.

ƊAN BIRNI: Ba wasa ba ne, Alhaji. A Disambar 2018 cewa kawai aka yi an ga irinsa a filin jirgin Gatwick na Ingila, aka rufe filin fiye da kwana guda. Jirage kusan dubu abin ya shafa, fasinja wajen 140,000.

BAKANO: Wannan 'yar shilar ta tsayar da jirgi dubu? An kama mai shi?

ƊAN BIRNI: Har yau ba wanda aka hukunta.

BAZAZZAGI: Kai kuwa kafin magariba za a kama ka, don da bakinka za ka gaya wa unguwa.

ƊAN BIRNI: In ka yarda in biyo ka in koya maka. Kuɗin mota ne kawai da ɗan na goro.

BAKANO: Ni da na tuƙa Fijo daga Kano har Legas da birki ɗaya? Ga Bazazzagi nan, kullum cewa suke garinsu ne birnin ilimi. Yau ya karanta min takardar, ilimin ya yi rana.

ƊAN BIRNI: To abu ɗaya dai, don Allah. Kada ka tashe shi sai ya kama taurari.

BAKANO: Da rana tsaka?

ƊAN BIRNI: Taurarin ɗan Adam. Za ka ga lamba a saman allon waya, ka jira ta haura goma. Da su yake sanin inda ya tashi, in ka danna madannin komawa gida...

BAKANO: (yana ƙirga canji) Na ji, na ji. Ba leda?

Bayan la'asar, a lungun gidan Alhaji, tsakanin dogayen katangu biyu. Iskar hunturu na kaɗawa. Yara sun yi da'ira.

BAZAZZAGI: Waya ta ce a daidaita masa alƙibla. Riƙe shi a kwance ka juya da shi. Juya. Ƙara. Yanzu kifa hancinsa ƙasa ka sake juyawa.

BAKANO: (yana tangaɗi) Jiri nake ji. Takardar ce ta ce haka ko kai ne?

BAZAZZAGI: Zagaye biyun farko na takarda ne. Sauran biyar ɗin ni na ƙara, yara suna jin daɗi.

BAKANO: Allah ya isa. Taurari nawa?

BAZAZZAGI: Huɗu. Katangun nan sun tare masa sama. Yaron ya ce sai sun haura goma.

BAKANO: Huɗu ai shaidu sun cika. Batir na ci, kuɗina ne ke tafiya. Bismillah!

Jirgi ya tashi da ƙugi kamar an taɓa amyar zuma. Awaki suka watse, yara suka sa ihu.

BAKANO: Ka gani? Ka ga Fijo ta yi rana? Kai, kai, ina za ka? Dama na ce!

BAZAZZAGI: Fuskarsa na kallonka, damarka hagunsa ce.

BAKANO: Abu da kuɗina yana min musu? To ga hagu!

BAZAZZAGI: Yanzu kuma ya juya baya, hagunka hagunsa ce. Ya haye katanga.

Muryar mace ta yi magana da Turanci daga cikin waya.

BAKANO: Wace ce wannan? Me ta ce?

BAZAZZAGI: Ta ce... sannu da ƙoƙari, Allah ya kai ka gida lafiya.

BAKANO: Ka tabbata?

BAZAZZAGI: Na dai ji "gida" a ciki. Turancin 'yan Sin ne, ba irin namu na Samaru ba.

BAKANO: Amin, 'yar albarka. To sama! Yawwa. Ina rufina?

BAZAZZAGI: Ga shi can, wancan mai kama da kwalin ashana.

BAKANO: Wannan toka-tokan? Nawa kore ne!

BAZAZZAGI: Kore ne kafin hunturu. Wata uku ƙura na sauka, ga hazo. Sauko da shi kaɗan. Ga ƙwallo biyu, ga silifa wari ɗaya, ga tsohuwar taya. Wancan fari-farin kuma gudummawar tantabaru ce. Su dai sun yi maka Allah sanya alheri.

BAKANO: Bari in kewayo ta gabas, ya fi kyau ta can. Af! Ashe gidan Liman rijiya biyu gare shi? Ka ga kuma Tela da ke kukan babu, ragunan nan uku na waye?

BAZAZZAGI: Kai Alhaji, kawar da idon abin nan. Tsakar gidan mutane ce. A zaure an rubuta "Ba Shiga" da manyan baƙi.

BAKANO: Ai ban shiga ba.

BAZAZZAGI: Ka yi sallama?

BAKANO: Ƙugin nan da yake yi fa?

BAZAZZAGI: Kakanninmu suka zauna suka ƙirƙiro zaure da soro da katanga mai tsawon mutum biyu, kai ka zo da giram 249 ka rushe. Rabin makewayin unguwar nan ba rufi. Ka ji can.

Daga bayan katanga mata suka ɗauki salati: "Ana leƙe! Ana leƙe ta sama!" Wani murfin tukunya ya yi sama ya dawo.

BAKANO: Ba su san nawa ba ne.

BAZAZZAGI: Kai kaɗai ne a lungu da rimot a hannu da yara arba'in a bayanka. Wayyo, ga shirwa!

BAKANO: Kore ta! Shuu! Ta ɗauka ɗan tsako ne?

BAZAZZAGI: Da gaskiyarta, sama tata ce tun kafin a haifi NCAA. Na ji a rediyo 'yan sandan Holan har mikiya suka horar a 2016 don kamo irin wannan, daga baya suka daina. Ta Kano ba ta buƙatar horo, a mahauta ta yi digiri.

Rimot ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit.

BAKANO: Batir! Ina madannin gida? Danna! Yawwa, ka ga biyayya. Ya juyo. Taho, ɗan albarka, taho wajen ubanka. Taho... A'a. A'a! Ba nan ba! Ina yake sauka?

BAZAZZAGI: Bayan waccan katangar mai fasassun kwalabe.

BAKANO: (murya ta yi ƙasa) Gidan wa ke nan?

BAZAZZAGI: Kai ne ɗan unguwa. Amma na ga tun da muka zo kake juya wa ƙofar baya.

Alhaji ya yi wa Ɗan Birni filashin sau uku. Ɗan Birni ya kira.

BAKANO: Samari, jirginka bai san gida ba!

ƊAN BIRNI: Taurari nawa ya kama kafin ka tashe shi?

BAKANO: Sun kai... sun kusa biyar.

ƊAN BIRNI: To shi gida a wurinsa shi ne inda ya fara kama taurari sosai. In a sama ya kama su, abin da ke ƙarƙashinsa a lokacin shi ne gida. Ba ku ji wata murya ta ce an rubuta gida, a duba taswira ba?

BAKANO: (ya juyo a hankali) Birnin ilimi.

BAZAZZAGI: Na gaya maka na ji "gida."

Ƙofa ta buɗe. Alhaji Mai Kwano, dattijo mai farin gemu, ya fito riƙe da jirgin ta ƙafa ɗaya kamar kazar da za a kai kasuwa. Hularsa da gemunsa duk garin kuka.

MAI KWANO: Salamu alaikum. A'a, Alhaji ƙarami! Saukar yaushe?

BAKANO: (ya durƙusa) Baba Alhaji, barka da yamma. Ya iyali? Ya kasuwa?

MAI KWANO: Wata uku ina aike kan cikon kuɗin kwano, kullum a ce ka tafi Dubai. Yanzu ina alwala na ga jirgi ya sauka a tsakar gidana, na ce alhamdulillahi, matafiyi ya dawo.

BAZAZZAGI: Da ma an yi masa addu'ar komawa gida lafiya, Baba. Da Turanci.

MAI KWANO: A kan shanyar Hajiya ya sauka. Kuka kwano biyu, iskar farfelarsa ta raba wa unguwa. Wannan za mu sa a lissafi. Nawa ka saye shi?

BAKANO: Ai... kyauta aka ba ni.

BAZAZZAGI: Rasit na cikin kwali, Baba.

MAI KWANO: (ya duba rasit, ya jinjina kai) Rabin bashina cif. To ya zauna a wurina jingina. An ce hoto yake ɗauka? Mu gani.

Alhaji ya miƙa waya hannu na rawa. Dattijo ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

MAI KWANO: Masha Allah. Ka ga yadda ya kwanta? Ko ƙura ba ta ɓoye shi ba. Allah ya sanya alheri.

BAKANO: (ya washe baki) Amin Baba! Wallahi kai ne na farko da ya...

MAI KWANO: Da kaina nake. Ban taɓa ganin kwanona ta sama ba. Kawo rimot ɗin. Da caja.

BAZAZZAGI: Ga kwalin gaba ɗaya, Baba, har da leda. Da ma riƙon kaya aka kawo ni.