Shaidu huɗu ba garkuwar mai fyaɗe ba ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Duk lokacin da aka taso da batun gyara ƙa'idojin shaida a shari'ar fyaɗe, sai wasu su yi caa: "To ina shaidu huɗu?" Mu ji tsoron Allah a kan ayoyinsa. Shaidu huɗun da ke aya ta 4 ta Suratun Nur an ɗora su ne a wuyan wanda ya jefi kamilar mace da zina, in ya kasa kawo su ya sha bulala 80. Don tsare mutuncin mata aka saukar da ayar. Wane mai fyaɗe ne zai yi aika-aikarsa a gaban maza huɗu adalai, su kuma su tsaya kallo?

An ga inda wannan cakuɗawar ke kaiwa a Pakistan. Dokokin haddi na 1979 sun sa fyaɗe da zina a doka ɗaya. A 1983 aka kama Safia Bibi, yarinya mai larurar gani, da laifin zina saboda cikin da ke jikinta, waɗanda ta zarga da yi mata fyaɗe kuma aka sallame su. Kotun shari'a ta tarayya ce ta soke hukuncin daga baya, kuma sai a 2006 majalisa ta raba laifukan biyu.

Alhali malamanmu ba su bar mu a duhu ba. Annabi Yusuf (AS) da me aka wanke shi? Da rigar da ta yage ta baya. Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wannan cewa shaida ita ce duk abin da ya fito da gaskiya fili. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, ya ce fashin da aka yi wa farji ya fi fashin dukiya muni. Rahoton likita, raunin da ke jiki, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, duk alamu ne da alƙali zai auna. Ko haddi bai tabbata ba, ƙofar ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa bisa ganinsa, a buɗe take.

Sai maganar tonon asiri a kotu. Cikin gyare-gyaren da ake nema har da hana lauya titsiye mace kan tsohuwar rayuwarta: wa ta taɓa kulawa, me ta saka, me ya fitar da ita. Ingila ta taƙaita irin waɗannan tambayoyi tun 1999. A ganina mu ne muka fi cancantar wannan, mu da aka hana bin diddigin juna a Suratul Hujurat. Ko da tana da tabo a baya, tabon bai halatta wa kowa jikinta ba.

Wanda ake zargi ma yana da haƙƙi. Tirmizi ya ruwaito labarin matar da aka afka wa a hanyarta ta zuwa salla. A gigice ta nuna wani, aka kama shi, sai ga mai laifin na ainihi ya miƙe ya amsa. Manzon Allah (SAW) ya ce mata ta tafi, Allah ya gafarta mata, ya kuma faɗa wa wanda aka kama bisa kuskure magana mai daɗi. Bai tuhume ta ba, bai tambaye ta abin da ya fitar da ita ba. Kuskuren kama mutum kuwa bincike mai kyau ne ke maganinsa, shi ya sa nake tare da duk gyaran da zai ƙarfafa bincike.

Iyaye, ku ne kan fara ɓata hujja, don gudun abin kunya. In an yi wa 'yarku fyaɗe, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin. A kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 na farko ake fara shi.