Hana sayar da Sniper kaɗai ba zai tsare waken Mile 12 ba

Wani labari ya ce janye maganin ƙwarin nan Sniper daga kasuwa shi ne maganin matsalar zuba shi a wake a kasuwar Mile 12 ta Legas, amma ai tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, ta kuma soke ƙananan kwalabe, ga shi har yau ana samun fiya-fiya mai irin sinadarinsa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas. Masu cewa hanin ba shi da amfani kuma, ban yarda ba: sinadarin dichlorvos da ke ciki na gona ne, yana shiga jiki ta fata da numfashi, bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da yara ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yanzu ɗura shi ake a gorar ruwa, ba suna, ba gargaɗi, mai saye bai san ƙarfin abin da ya riƙe ba. Shi kuma mai wake ƙwari yake gudu, an ce ya daina amma ba a koya masa madadin ba. Ga buhun PICS nan, leda biyu a ciki, buhu a waje: a busar da wake ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. Inda ake faɗuwa shi ne laimar Legas, in waken da sauran danshi sai ya yi fumfuna, in ɓera ya huda leda aiki ya lalace, shi ya sa ake ɗora buhunan kan katako nesa da bango. Yaushe jami'ai za su zauna da shugabannin 'yan hatsi na Mile 12 su nuna wannan da Hausa?